Cikin da ba ya shiri da zaƙin 'ya'yan itace

Daga tsakiyar watan Maris har zuwa faɗuwar ruwan fari, duk wanda ya bi hanyar da ta ratsa Kanya Babba ta shiga Babura a Jihar Jigawa, ko babbar hanyar Kano zuwa Daura da ta keta garin Kazaure, zai tarar da kasuwar da zafin rana ke kafawa a bakin titi. Mangwaro kashi-kashi a faranti, kankana an yanka an jera a baro, rake an fere an daddatsa, ga yara da robobin zoɓo da kunun aya a cikin kula. A shekarun 2022, 2023 da 2024 azumi ya faɗo a tsakiyar wannan zafi, ciniki kuwa ya ƙara kankama, domin wanda ya wuni da ƙishirwa babu abin da ransa ke so da magariba kamar abu mai ruwa, mai sanyi, mai zaƙi.

Ga mafi yawan mutane iyakar zancen ke nan, a sha a gode wa Allah. Amma akwai wanda shan ruwan ke zame masa wahala. Ya buɗe baki da dabino, ya bi da yankan kankana uku ko huɗu, ya tsotsi mangwaro biyu, ya kora da zoɓo. Kafin a idar da asham cikinsa ya kumbura ya yi tam, yana ƙugi, murɗa na zuwa tana tafiya, wani ma sai ya bar sahu ya nemi bayi. Da safe ya tashi garau, babu zazzaɓi babu amai. Gobe ya maimaita abincin, ciki ya maimaita halinsa.

Idan ya kai kuka, amsa a shirye take. Tsofaffi su ce basir ne, zaƙi ya tayar masa. A kemis a ce olsa ce ko taifot, a ƙirga masa kafso. Mai magani a kasuwa ya miƙo masa jiƙo mai ɗaci. Zargin da Hausawa ke yi wa zaƙi daɗaɗɗe ne, kuma ba a banza ya samo asali ba. Abin da ya rage shi ne a tantance wane zaƙi, nawa aka sha, kuma a jikin wa ya sauka, domin akwai larura biyu da ke da alaƙa da sukarin 'ya'yan itace. Ɗaya ta hanji ce, ta yawaita, tana hana sakewa amma ba ta kisa. Ɗayar ta hanta ce, gadonta ake yi, ba ta da yawa, kuma tana iya kashe jariri.

Abin da ke faruwa a hanji

Harshe zaƙi kawai yake ji, amma hanji ya san iri-irinsa. Akwai gulukos, wanda ake aunawa a jinin mai ciwon suga, wanda kuma ake sawa a ƙarin ruwan asibiti. Akwai furuktos, sukarin 'ya'yan itace da zuma, wanda ya fi sauran zaƙi a baki. Sukarin shayi, na ƙwara ko na gari, da ruwan rake da mazarƙwaila, akasarinsu sukuros ne, wato gulukos ɗaya da furuktos ɗaya a ɗaure, hanji ne ke kwance su. Laktos na madara da nono shi kuma danginsa daban.

Ƙaramin hanji na zuƙe gulukos da ƙarfi, kusan duk yawan da aka ba shi. Furuktos kuwa ya dogara ne da wani furotin da ke bangon hanji, wanda masana suka sa wa suna GLUT5, kuma aikin wannan furotin a hankali yake, yana da iyaka. Abin da ya haura iyakar ba ya shiga jini. Yana zarcewa ƙasa, yana jan ruwa zuwa cikin hanji, har ya isa babban hanji inda ƙwayoyin bakteriya ke zaune da yawan gaske, su kuma su far masa. Duk macen da ta taɓa barin ƙullun waina ya kwana ta san sauran labarin: ya tashi, ya yi kumfa, ya cika roba. Haka iska ke taruwa a cikin mutum, haidurojin da kabon dayoksaid, a wasu har da metan. Iskar ce kumburi da ƙugi da yawan hutu. Ruwan da aka jawo shi ne zawo.

Wannan iyaka kowa na da ita, bambancin inda ta tsaya ne. A 2007, Satish Rao da abokan aikinsa a Jami'ar Iowa ta Amurka sun shayar da mutane masu cikakkiyar lafiya furuktos zalla a ruwa. Da aka ba su giram 25, kusan dukkansu sun zuƙe shi. Da aka kai giram 50, mafi yawansu sun kasa. Ke nan wanda ake ce wa mai larurar rashin zuƙar furuktos mutum ne da iyakarsa ta yi ƙasa da ta jama'a, ko kuma hanjinsa ya fi saurin jin zafin iskar da wani zai ɗauka bai ko lura ba.

Akwai wani abu da ya sa ba duka 'ya'yan itace ke da laifi iri ɗaya ba. Idan furuktos ya zo tare da gulukos daidai wa daida, hanji ya fi iya zuƙarsa. Matsalar tana tasowa ne inda furuktos ya yi rara. Alƙaluman Ma'aikatar Noma ta Amurka sun nuna cewa a giram 100 na kankana akwai furuktos sama da giram 3, gulukos kuwa kusan giram ɗaya da rabi. Mangwaro na da furuktos kusan giram 5 a kan gulukos 2, ban da sukuros ɗin da ke ciki. Tuffa, wadda ake shigowa da ita a kwali ana kai wa marasa lafiya dubiya, ta fi su rara: kusan giram 6 a kan 2 da ɗoriya. Ayaba kuwa kusan 5 ne da 5, lemon zaƙi ma kusan kunnen doki. Gwanda da abarba na cikin waɗanda masu wannan larura suka fi samun sauƙi da su.

A yi lissafi da faranti ɗaya na shan ruwa. Rabin kilo na kankana ba wani abu ba ne ga mai azumi a watan Afrilu, kuma furuktos ɗinsa ya kai giram 17. A ƙara manyan mangwaro biyu irin su binta suga, an haura giram 30 ba a ko taɓa kofin zoɓo ba, kuma duk wannan ya sauka ne cikin minti goma a cikin da ya wuni babu komai. Ba abin mamaki ba ne mutumin da ke cin yanka ɗaya bayan tuwo ba ya jin komai, amma ya sha wuya a watan azumi.

Dabino na da nasa matsayi. Gulukos da furuktos ɗinsa sun yi kusan daidai, sai dai busasshen abu ne, sukarinsa a cure yake, kuma yana ɗauke da wasu sinadaran da su ma ke tashi a hanji. Ƙwaya ɗaya zuwa uku da aka saba buɗe baki da su mutane da yawa na ɗauka lafiya. Cin tafi guda ana hira ne ke jawo magana.

Batun zuma ya fi buƙatar a tsaya. Darajarta a addini da al'ada sananniya ce, kuma babu mai musun amfaninta. Amma a giram 100 na zuma akwai furuktos kusan giram 40, ya ɗara gulukos ɗin da ke ciki. Abin da ke faruwa sau da yawa shi ne, mai kumburin ciki ya je neman magani, a haɗa masa zuma da habbatus sauda a ce ya sha cokali biyu da safe kafin ya ci komai, biyu da dare. Idan asalin damuwarsa furuktos ne, an ƙara masa abin da ke damunsa ne a lokacin da ciki ya fi rauni. Ciwo ya ƙaru, a ce magani ne ke aiki, dattin ciki ne ke fita. Wanda ya ga cikinsa na ƙara tashi duk lokacin da ya sha zuma, ya dace ya yarda da abin da jikinsa ke gaya masa, ya rage zuwa ƙaramin cokali a cikin abinci, ko ya dakata.

Akwai kuma sobitol, wani ɗan'uwan sukari da ke cikin tuffa, ake kuma zuba shi a cingam da alewar da aka rubuta ba su da sukari, da wasu magungunan ruwa na tari da na yara. A jikin kwali akan rubuta sunansa ko lambarsa, E420. Shi kansa hanji ba ya zuƙarsa sosai, idan kuma ya haɗu da furuktos sai su ƙara wa juna nauyi.

Lemon kwalba fa? A Amurka, tun daga shekarun 1970 zuwa 1980 kamfanoni suka koma amfani da ruwan sukarin masara wanda kashi 55 cikin ɗari nasa furuktos ne. A Najeriya sukarin rake ne ya fi yawa a kayan sha, wanda rabi da rabi ne, don haka ya fi sauƙi a hanji. Sai dai yawa ma laifi ne. Lemo da yawa na ɗauke da kusan giram 10 na sukari a kowace mililita 100, wato robar rabin lita ta kai giram 50, daidai iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata a 2015 ga baligi na wuni guda cur. Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan kayan sha. Zoɓon gida bai shiga wannan lissafi ba, alhali Jigawa na cikin jihohin da suka fi noman zoɓo, kuma ludayin sukarin da ake zuba masa ba ya da ma'auni. Ga ƙananan yara, lemon kwali mai ruwan tuffa sanannen dalili ne na zawon da ke daɗewa alhali yaro na wasa yana cin abinci. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 2017 cewa kada a ba yaron da bai shekara ba ruwan 'ya'yan itace.

Wasu kuma su bar duk wani kayan zaƙi amma ciki bai daina ba. A nan akan duba albasa, tafarnuwa da alkama. Suna ɗauke da furuktan, wato furuktos da aka jera kamar sarƙa, wanda hanjin ɗan Adam ba ya iya tsinkawa ko kaɗan. Burodin mai shayi, taliya, fanke, alkubus, da albasar da ake yankawa ɗanya a kan tsire duk suna ciki. Furuktan ba ya narkewa a mai, saboda haka uwargida na iya soya manyan yankan albasa a man gyaɗa har ƙamshi ya fita, ta tsame su, ta ci gaba da miyarta. Lawashi, koren ganyen albasa, ya fi kan albasar sauƙi nesa ba kusa ba.

Kafin a ɗora wa mangwaro laifi

A ƙasarmu zawo da kumburin ciki na da iyaye da yawa, kuma kuskure ne babba mutum ya yanke wa kansa hukunci. Tsutsar ciki, amiba da giyadiya duk suna kawo irin waɗannan alamomi, kuma gwajin bayan gida a babban asibitin Babura ko na Kazaure na iya gano su. Kankanar da aka yanka tun hantsi ƙuda na bi, ko mangwaron da ba a wanke ba, na iya kawo gudawar da ba ruwanta da furuktos. Annobar kwalara ta 2021, wadda ta yi ɓarna a Jigawa da Kano da Bauchi, ta isa tunatarwa cewa zawo mai kama da ruwan shinkafa, ko mai haɗe da amai, na asibiti ne nan take. Haka jini a bayan gida, rama ba dalili, zazzaɓi, ƙarancin jini, zawon da ke tashin mutum daga barci, ko sauyin bayan gida da ya fara wa mutum bayan ya manyanta. Waɗannan ba a gwada musu canjin abinci a gida.

Sai madara. Binciken da Norman Kretchmer da abokansa suka yi a Najeriya a farkon shekarun 1970 ya nuna cewa Fulani makiyaya sun fi sauran ƙabilu iya narkar da laktos bayan yarinta. Mutumin da cikinsa ke tashi bayan shayi mai kauri zai iya zargin sukari alhali madarar gari ce. Nono mai tsami ya fi sauƙi, domin tsamin ya cinye wani kaso na laktos. Wanda kuma ya dama fura da nono ya zuba zuma ya haɗa abu biyu, ba zai san wanne ne ya taɓa shi ba.

A manyan asibitocin duniya akwai gwajin numfashi: a ba mutum giram 25 na furuktos bayan ya kwana bai ci komai ba, ya riƙa hura iska a na'ura har kusan awa uku, a ga ko haidurojin ya ƙaru. Ba gwaji ne na ƙananan asibitoci ba, kuma ko inda ake yinsa likitoci ba sa dogara da shi kaɗai. Abin da ya fi shi amfani ga mutumin Roni ko Gwiwa shi ne littafin rubutu na 'yan firamare da biro. Ya rubuta abin da ya ci, yawansa, lokacin da ya ci, da lokacin da ciki ya motsa. Alamomin furuktos kan bayyana ne daga kamar rabin awa zuwa 'yan awanni bayan ci, kuma suna bin abinci iri ɗaya. Mako biyu na irin wannan rubutu ya fi wa likita amfani a kan “Likita, cikina ne dai ba daɗi.”

Tsarin abincin da aka fi bi a duniya ya fito ne daga Jami'ar Monash da ke Melbon a Ostareliya, inda Peter Gibson da Sue Shepherd suka gabatar da shi a 2005 da sunan FODMAP. Asalinsa mai sauƙi ne. Mutum ya janye abubuwan da ake zargi na mako biyu zuwa shida. Idan ciki ya lafa, sai ya dawo da su ɗaya bayan ɗaya, kaɗan-kaɗan, yana barin kwana biyu ko uku tsakani: yau rabin mangwaro bayan abinci, jibi guda ɗaya, har ya gano inda iyakarsa take. Idan kuwa bai ga canji ba, to ba nan matsalar take ba, ya koma cin abincinsa ya koma wurin likita. An gina jadawalin abincin wannan tsari na Monash ne akasari a kan abincin wasu ƙasashe, don haka goruba, magarya, ɗinya, kanya da aduwa mai matsalar cikin ne zai gwada su da kansa ta wannan hanya.

A nan mutumin Babura ya fi Bature sa'a. Wanda rayuwarsa ta ginu a kan burodin alkama da tuffa da lemon kwali sai ya sauya kicin ɗinsa gaba ɗaya. Gero, dawa, masara da shinkafa kuwa ba su da furuktos ɗin a zo a gani. Nama, kifi da ƙwai ba su da shi sam. Gyaɗa, dankalin Turawa da ganyen miya irin su alayyahu suna cikin abin da aka yarda da shi. Tuwon dawa, kunun gero, fate, shinkafa da mai da yaji, duk abincin gida ne da ba sai an je kantin birni ba. Gyaran da ake bukata a gefen faranti yake: yanka ɗaya maimakon huɗu, bayan abinci maimakon kafinsa, a raba tsakanin magariba da bayan isha maimakon a haɗa lokaci guda.

Abin da bai kamata ba shi ne tsoro ya sa mutum ya bar 'ya'yan itace kwata-kwata har abada. A yankin da miyar yawancin gidaje ta busasshen ganye ce tsawon rani, mangwaro da gwanda da lemon zaƙi su ne babbar hanyar samun bitamin A da C. Mace mai ciki da aka hana duk wani abu mai zaƙi saboda tsoron wahalar haihuwa, ko yaron da aka hana mangwaro don kada ya yi zazzaɓi, an rage musu abin da jikinsu ke nema ne. Mangwaro ba ya kawo zazzaɓin cizon sauro.

Larurar hanta, wadda ake gado

Duk abin da aka faɗa a sama na rage yawa da gwada iyaka bai shafi larura ta biyu ba, kuma haɗa su wuri ɗaya na da haɗari.

A 1956 likitoci biyu a Landan, Chambers da Pratt, suka ba da rahoton wata mace mai shekara 24 da ke yin amai da jiri duk lokacin da ta ci sukari ko 'ya'yan itace, amma gulukos ba ya yi mata komai. A 1957 Froesch da abokan aikinsa a Zurik ta ƙasar Suwizalan suka nuna cewa abin na bin dangi, kuma yana faɗar da sukarin jini. Daga baya aka gano tushen. Furuktos ɗin da ya shiga jini hanta ce ke sarrafa shi mataki-mataki, kuma mataki na biyu na bukatar wani sinadari mai suna aldoles B. Wanda aka haifa babu wannan sinadari, hantarsa na fara aikin ta kasa ƙarasawa. Abin da aka fara sarrafawa ya taru a cikinta, ya riƙe fosfet ɗin da take bukata don samun ƙarfi, ya hana ta sakin gulukos zuwa jini. Shi ya sa ake ganin abin da ya saɓa wa hankali: an ba yaro sukari, sukarin jininsa ya faɗi.

A Turai ana ƙiyasta jariri ɗaya ne cikin 20,000 zuwa 30,000. Hanyar gadonta irin ta sikila ce, wadda kowane gida a Jigawa ya san labarinta. Uba na ɗauke da ƙwayar gadon bai sani ba, uwa ma haka, dukansu lafiyarsu ƙalau, amma kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haifar mai larurar. Auren zumunci na ƙara yiwuwar masu ɗauke da ƙwaya iri ɗaya su haɗu. Gwajin jinin da ake yi kafin aure, wanda Jihar Kano ta mayar doka a 2024, na sikila ne da wasu cututtuka, ba ya gano wannan.

Muddin jariri na kan nonon uwa zalla lafiyarsa lau, domin sukarin nono laktos ne. Wannan ƙarin dalili ne na bin shawarar shayar da nono kaɗai har wata shida, da barin ɗura wa jinjiri ruwan sukari ko zuma. Zuma ma dai likitoci sun hana ba duk yaron da bai shekara ba, saboda wata ƙwayar cuta mai shanye jiki da kan ɓuya a cikinta. Matsalar na bayyana ne ranar da aka fara kunu ko koko da sukari, ko aka matsa masa lemo, ko aka ba shi maganin ruwa mai zaƙi. Ba da jimawa ba yaro ya yi amai, ya yi gumi, jikinsa ya saki, ya yi fari fat, wani har ya yi jijjiga ko ya suma. Idan aka ci gaba da ba shi, sai ya ƙi abinci, ya daina girma, ciki ya kumbura saboda hanta ta girma, ido ya yi rawaya irin na shawara, ƙoda ma ta taɓu. Ko madarar gwangwani ba duka ce ke da aminci ba: a 2018 likitoci a Amurka sun ba da rahoton jarirai huɗu da hantarsu ta gaza bayan an ba su madarar jarirai mai ɗauke da sukuros.

Kowace daga cikin waɗannan alamomi na da fassarar da ta riga ta zauna a gidajenmu. Amai da zawo a ce haƙori ne. Jijjiga a ce iska ce ko zazzaɓi ya hau kai. Rama a ce tamowa ce ko uwa ta yi ciki a kan goyo. Kuma gaskiya ne, sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne ko rashin abinci mai gina jiki, domin su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Ruwan gishiri da sukari da abincin tamowa na leda mai gyaɗa da madara sun ceci yara masu ɗimbin yawa, kuma babu uwar da ya kamata ta ƙi su saboda ta karanta wannan. Abin da ake so ta lura da shi shi ne maimaituwa: yaro lafiya a kan nono, ya rikice duk lokacin da zaƙi ya shiga bakinsa, ya dawo daidai idan an janye. Idan kuma a gidan an taɓa rasa wani yaro da shawara ko kumburin ciki daidai lokacin fara abinci, zancen ya ƙara nauyi.

Yaran da suka tsallake wannan mataki sukan kare kansu da kansu. Suna tasowa da ƙin duk wani abu mai zaƙi, su kawar da kai daga alewa da rake da lemo, kuma likitocin haƙori sun daɗe da lura cewa haƙoransu ba su cika ruɓewa ba. A gida akan ce yaro ne mai tsirfa, kaka ta ce, “Haba ɗan nan, wa ke ƙin alewa?” a matsa masa har ya karɓa. Yaron da ke ƙin zaƙi tun yana ƙarami, kuma yake amai idan an tilasta masa, bai kamata a tilasta masa ba.

Tabbatar da larurar na bukatar gwajin ƙwayar gado, kuma hanyarsa ta bi ta manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Rasheed Shekoni da ke Dutse, inda likitocin yara za su duba hanta su tsara abin da ya dace. Ba a gwada ta a gida ta hanyar ba yaro zaƙi a ga abin da zai faru, kuma gwajin numfashin da aka ambata a baya haɗari ne ga irin wannan yaro. A Turai an rasa rayuka a shekarun baya ta hanyar ƙarin ruwa mai furuktos ko sobitol da aka yi wa waɗanda ba a san suna da larurar ba, abin da ya sa aka taƙaita amfani da irin wannan ruwa.

Maganinta abinci ne, kuma na tsawon rai. Babu furuktos, babu sukuros, babu sobitol. Wato babu sukarin shayi, zuma, rake, mazarƙwaila, dabino da sauran 'ya'yan itace, kuma ana taƙaita kayan lambu masu zaƙi irin su karas, tumatir, albasa da dankalin Hausa. Nono, madarar da ba a sa wa sukari ba, nama, kifi, ƙwai, shinkafa da mai duk halal ne gare shi, gulukos ma haka, kuma akan ƙara masa bitamin C da folik asid tunda ya bar 'ya'yan itace. Wanda aka gano da wuri aka kiyaye masa abinci, hantarsa na murmurewa, ya girma ya yi karatu ya yi aure kamar kowa. Iyayensa dai sai sun riƙa faɗa a duk inda za a ba shi magani, a asibiti ko a kemis, a duba abin da ke cikin maganin ruwa ko a nemi na ƙwaya, a kuma sanar da malaman makaranta da dangin da yake zuwa wurinsu hutu. Ƙannensa da za a haifa daga baya su ma a tsare su a kan nono, kada a fara musu zaƙi sai likita ya duba su.